Yadda ake tace ruwa da membiren a cire sinadaran taki da gubar da ido ba ya gani

Abin da ya fi damuna a maganar ruwan sha shi ne yadda muka ba idonmu amana. Ruwa ya fito garau, ba launi ba wari, sai kowa ya ce ai wannan tas yake, a sha kawai. Alhali kuwa naitiret ba shi da launi, ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano, haka ragowar maganin feshi na gona da ragowar magungunan da mutane suka sha suka fitar, duk suna iya zama narke cikin ruwan da kake ganin gindin kofinka ta cikinsa. Naitiret da amoniya da fosfet abincin tsiro ne, daga takin zamani da kashin dabbobi da masai da ruwan kwata suke zirarewa su shiga rijiya ko kogi ko madatsa, in sun yi yawa a tafki sai gansakuka ta ɓarke ta rufe ruwan, wata irinta ma guba take fitarwa. A watan Agusta na 2014 sai da aka hana mutanen birnin Toledo a Amurka, wajen mutum 400,000, shan ruwan famfonsu har kusan kwana uku saboda gubar gansakukar tafkin Iri. Kuma don Allah a daina cewa ai zan tafasa, tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa, naitiret kuwa ƙara masa kauri take yi tunda ruwan ne yake tashi a tururi shi yana nan zaune.

To maganin da ya fi kama wannan matsala shi ne tacewa da membiren, wato wata siririyar fata ta roba mai ƙofofi ƙanana ƙwarai wadda ake tura ruwa ta cikinta da matsi. Ga yadda ake bin aikin daki-daki.

Mataki na 1: a gwada ruwan tukuna

Kar ka sayi ko da tiyo ɗaya sai ka kai ruwanka ɗakin gwaji. Wannan shi ne matakin da mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne yake hana asara. Ka samu kwalba mai tsabta, ka bar ruwan ya ɗan zuba na 'yan mintoci, ka ɗauraye kwalbar da shi, ka cika ta fal ka rufe, ka sa a sanyi ka kai da wuri, a ranar in da hali. Abin da za ka ce su duba maka: naitiret, naitirait, amoniya, fosfet, pH wato ma'aunin tsamin ruwa, gurɓin ruwan, taurinsa wato yawan kalsiyam da magniziyam, ƙarfen da ke cikinsa, jimlar gishirin da ya narke wanda ake kira TDS, ƙwayoyin cuta, sannan in suna da kayan aiki a duba jimlar dattin da ya fito daga tsiro ko dabba ko sinadaran feshi, shi ake kira TOC.

Ka lura da yadda aka rubuta lambar naitiret, nan ake ruɗewa sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a miligiram 50 cikin lita, Amurka kuma ta sa 10, sai mutum ya zaci saɓani ne, a'a, su Amurka naitirojin ɗin da ke cikin naitiret kaɗai suke ƙirgawa, 10 ɗinsu daidai yake da kusan 44 a ɗaya lissafin. Saboda haka ka tambayi mai gwajin da wane ma'auni ya rubuta. Wanda aka ba shi 30 a ma'aunin naitirojin ya ɗauka bai kai 50 ba, wallahi ya ninka iyaka kusan sau uku bai sani ba. Kuma jarirai 'yan ƙasa da wata shida su ne abin tsoro a nan, musamman waɗanda ake dama musu madara da ruwan, domin naitiret yana hana jininsu ɗaukar iska yadda ya kamata har fatarsu ta koma shuɗi-shuɗi.

In da hali a gwada sau biyu, lokacin ruwan sama da lokacin da ya ɗauke, ruwa yana canzawa.

Mataki na 2: zaɓen membiren, nan ne zuciyar aikin

Membiren iri huɗu ne, kuma ka ɗauke su kamar rariya huɗu, kowace ta fi ta bayanta ƙananan ido. Don ka gane ma'aunin, kaurin gashin mutum wajen maikiron 70 ne.

Ta farko MF, ƙofarta daga maikiron 0.1 zuwa sama, tana tare laka da gansakuka da yawancin bakteriya. Ta biyu UF, wajen 0.01 zuwa 0.1, ita har ƙwayoyin bairos da yawa da manyan dattin tsiro tana kamawa, kuma ba ta son matsi mai yawa, bar 1 zuwa 5 ya ishe ta, bar ɗin nan ma'aunin matsi ne. Amma ka ji da kyau, waɗannan biyun ba sa cire naitiret ko kaɗan, ba sa cire amoniya, ba sa cire fosfet ɗin da ya narke. Abin da ya narke a ruwa ratsa su yake kamar yadda iska take ratsa taga. Ina maimaita wannan ne saboda na sha ganin an sa UF a ruwan da naitiret ne ciwonsa, ruwa ya fito yana ƙyalli kowa na murna, gwaji kuma ya dawo da lambar da aka fara da ita.

Ta uku NF, ƙofarta wajen maikiron 0.001. Wannan gwana ce a kan launin ruwa, da dattin ruɓaɓɓen ganye, da magungunan feshi masu yawa, da fosfet, da taurin ruwa. Matatar Meri-sur-Waz da ke kusa da Faris a Faransa tun 1999 take tace ruwan kogin Waz da ita saboda irin wannan dattin. Sai dai a kan naitiret NF ba abar dogaro ba ce, wata ta rage kaɗan wata ta bar shi ya wuce kusan duka.

Ta huɗu RO, ita ce ƙarshen rariya, a gaskiya ma ba za a ce tana da ƙofa ba, ruwa ne yake ratsa jikin robar da ƙarfin matsi ya bar gishiri a baya. Lob da Surirajan ne suka fito da membiren na farko mai amfani a jami'ar Kalifoniya ta Los Anjalis wajen 1960, daga baya a shekarun 1970 Jon Kadot ya ƙirƙiro na wata roba mai suna poliyamaid wanda kusan kowa yake amfani da shi yau. RO mai lafiya tana cire fosfet sama da kashi 95 cikin ɗari, naitiret kuma galibi kashi 80 zuwa 95, ya danganta da matsi da irin ruwan. Na gida tana aiki da bar 3 zuwa 6, ta ruwa mai ɗan gishiri 10 zuwa 25, ta ruwan teku kuwa sai an kai 55 zuwa 80.

To sai ka ɗora takardar gwajinka a kai. Laka da ƙwayoyin cuta ne kawai? UF ta isa, kar ka wahalar da kanka. Launi da feshi da tauri ne, naitiret na ƙasa da iyaka? NF. Naitiret ya haura? RO, ba wata kwana-kwana. Ni a ganina sa RO inda ba a bukatarta ɓarna ce, tana cin wuta tana zubar da ruwa, amma inda ake bukatarta babu madadinta cikin waɗannan huɗun.

Akwai dabara ɗaya ga mai ruwa da yawa wanda fosfet ne damuwarsa: a zuba alif ko gishirin ƙarfe kafin tacewa, fosfet ɗin sai ya dunƙule ya zama gudaji, daga nan UF ma ta iya kama shi. Amoniya kuma pH take bi, in ruwan yana ƙasa da 8 yawancinta a narke take da cajin lantarki RO ta tare ta, in ya haura 9 sai ta fara komawa iska ta sulale ta wuce.

Mataki na 3: gyara ruwan kafin ya taɓa membiren

Membiren ba ya mutuwa don tsufa, yawanci abin da aka tura masa ne yake kashe shi. Abokan gabansa huɗu ne: laka, kulorin da ake zubawa a ruwa don kashe ƙwayoyin cuta, farin ɓawon nan irin wanda yake kama cikin tukunyar da ake yawan tafasa ruwa, da yauƙin ƙwayoyin cuta.

Laka ita ce mai sauƙi. Ruwa mai gurɓi a bar shi ya kwanta a tanki, ya bi ta matatar yashi, sannan filta ta maikiron 5 dab da membiren. In ruwan kogi ne ko na kwata da aka riga aka sarrafa, gara a sa UF ko MF a gaban RO gaba ɗaya, haka Singafo take yi a shirin NEWater da ta buɗe a 2003, haka ma gundumar Orenj a Kalifoniya tun 2008, tacewa ta farko, sai RO, sai hasken UV mai kashe ƙwayoyin cuta. Masu manyan injina suna auna gurɓin da wani gwaji mai suna SDI, ana so ya zama ƙasa da 5, in ya sauka ƙasa da 3 ya fi. Ruwa mai ƙarfe, wanda yake fitowa garau amma in ya kwana ya yi ja-ja kamar tsatsa, sai an kaɗa masa iska an tace jan kafin ya shiga.

Kulorin kuwa shi ne makashin poliyamaid. Yana cin fatar a hankali, kuma ɓarnarsa ba ta gyaruwa. Don haka dole a sa filtar gawayi a gaba, gawayin nan da aka sarrafa musamman don tace ruwa, ba na girki ba, ko kuma a manyan injina a riƙa ɗiga sodiyam metabaisalfait. Na taɓa duba injin wani da filtar gawayinsa ta toshe, shi kuma don ruwa ya yi gudu sai ya cire ta ya haɗa tiyo kai tsaye, yana ta jin daɗi wai ruwa ya ƙaru. Ruwa ya ƙaru kam, amma da muka tsoma mitar TDS a na shiga da na fita sai ga lambobin sun kusa zama ɗaya, membiren ɗin ya riga ya zama rariya. Ka riƙe wannan: in ruwan RO ya ƙaru haka kawai ba dalili, ba albishir ba ne. Gawayin ma yana da amfani na biyu, yana tsotse magungunan feshi da wari da yawa tun kafin su isa membiren, amma shi ma naitiret ba ruwansa.

Ɓawo kuma daga taurin ruwa yake zuwa, maganinsa injin laushin ruwa ko sinadarin hana ɓawo da ake ɗigawa kaɗan-kaɗan. Yauƙi shi ya fi wuyar sha'ani, kuma a ruwa mai sinadaran taki ya fi tsanani tunda abincin ƙwayoyin ne muke tarawa a fuskar membiren. Wanda ya taɓa zaro membiren da yauƙi ya kama ba zai manta ba, ya yi nauyi a hannu, bakinsa ya lulluɓe da wani abu ruwan ƙasa mai santsi, ka shafa da yatsa ya biyo ka kamar majina, ga warin ruwan da ya daɗe a kwance. Ba a hana shi gaba ɗaya, rage shi ake yi ta hanyar cire abincinsa a gaba da hana ruwa kwana a cikin injin ba motsi.

Mataki na 4: haɗawa da tayarwa

Jerin shi ne: ruwan shiga, filtar laka, filtar gawayi, famfon ƙara matsi in matsin bai kai ba, membiren, tankin ajiya, gawayi na ƙarshe, sai UV. Ka sa gejin matsi kafin filtoci da bayansu da bakin membiren, ba ado ba ne, su ne idonka.

Membiren na RO hanya uku gare shi, ɗaya ta shiga biyu ta fita. Ruwan ba karo yake yi da fatar gaba da gaba ba, shafa ta yake yi yana wucewa, wani ya ratsa ya zama mai kyau, saura ya share dattin ya fita ta hanyar zubarwa. Wannan hanyar zubarwar kar ka kuskura ka toshe ta don tausayin ruwa, cikin ɗan lokaci ɓawo zai rufe membiren.

Ka wanke hannu kafin ka buɗe ledarsa, ka jiƙa zoben robar da ruwa ko man silikon, ban da man shafawa na fetur, ka tura shi ta inda kibiya ta nuna har ya zauna daram. Sabuwar filtar gawayi a fara zubar da ruwanta daban har baƙin ya ɗauke, kar garin ya shiga membiren. Sannan ka buɗe ruwa a hankali ba tare da famfo ba iska ta fita, daga baya ka ɗaga matsi sannu-sannu, bugun matsi lokaci ɗaya yana lalata naɗin cikinsa. Ruwan farko ba na sha ba ne, akwai sinadarin ajiya a jiki, a na gida a cika tanki a zubar sau biyu. Tankin gida kuma yana da iska a ciki, in babu ruwa ya kamata ta kai wajen psi 7, wato kusan rabin bar.

Lambar da ke jikin membiren, misali galan 75 a rana wato wajen lita 280, a ruwa mai zafin digiri 25 aka auna ta. Duk digiri ɗaya da ruwa ya yi sanyi yawan fitarsa yana raguwa da wajen kashi 3, to in ka ga ya ja baya lokacin sanyi kar ka yi saurin zargin toshewa. Kuma kar ruwan shiga ya wuce digiri 45.

Mataki na 5: abin da yake kuɓucewa

Gaskiyar da masu talla ba sa son faɗa ita ce RO ba ta kama komai da komai. Ƙananan sinadarai marasa caji, irin su yuriya da wani mai illa da ake kira NDMA, wani kasonsu yana ratsawa, shi ya sa matatar Orenj ta haɗa UV da haidirojin faroksaid a bayan RO don su farfasa abin da ya tsira. A gida gawayi na ƙarshe da fitilar UV sun wadatar ga yawancin ruwa. Ruwan RO kuma salam yake a baki, yana ɗan cin bututun ƙarfe saboda an kwashe ma'adinansa, sai a bi da shi ta filtar kalsait ta mayar masa da ɗan kalsiyam.

Mataki na 6: littafi da biro

Daga ranar farko ka rubuta matsi, da lita nawa yake bayarwa a minti, da TDS na shiga da na fita, da zafin ruwa. Lissafin ba wuya: na shiga 400, na fita 20, an cire 380 cikin 400, kashi 95 ke nan. In ka ga ya gangaro ƙasa da 85 ko 80 membiren ya fara gajiya. Amma mitar TDS jimlar gishiri kawai take gani, ba ta san naitiret daban ba, ba ta ganin maganin feshi sam, don haka bayan an tayar a sake kai ruwan fita ɗakin gwaji, sannan aƙalla sau ɗaya a shekara, gidan da ke da jariri kuwa ni dai zan ce duk wata shida, ko a riƙa dubawa da 'yar takardar gwajin naitiret tsakani.

Filtar laka wata 3 zuwa 6, gawayi wata 6 zuwa 12, membiren na gida shekara 2 zuwa 3. Wannan ƙiyasi ne, geji da littafinka su ne za su gaya maka gaskiyar naka ruwan.

Mataki na 7: wanki

UF wankinta da sauƙi, ana juya ruwa baya ya tunkuɗe dattin duk minti 20 zuwa 60, lokaci-lokaci a sa ɗan kulorin in irin robarta tana jurewa, da yawa suna jurewa. RO ba a juya mata ruwa baya, kuma kulorin haramun ne a kanta. Ƙananan na gida ba a cika wanke su da sinadari ba, canzawa ake yi. Manya kuwa ana wanke su da zarar ruwan fita ya ragu da kashi 10 zuwa 15, ko bambancin matsi tsakanin baki da ƙarshe ya ƙaru da kashi 15, kar a jira sai ya toshe ruf, a lokacin wanki ba ya dawo da shi.

A ruwa mai dattin tsiro da yauƙi a fara da ruwan soda irin wadda ake sabulu da ita, mai pH 11 zuwa 12, da ɗumi wajen digiri 30 zuwa 35, a zagaya shi da ƙaramin matsi, a bar shi ya jiƙa, a sake zagayawa, za ka ga ya fito kamar ruwan shayi, a ɗauraye sosai, sannan a bi da ruwan tsami na sitirik asid kashi 2 don ɓawo da ƙarfe. Kar a haɗa su biyun. Safar hannu da tabarau dole ne, kuma sinadari ake zubawa cikin ruwa ba ruwa cikin sinadari ba. In injin zai tsaya fiye da kwana biyu ko uku, ko dai a riƙa kora masa ruwa kullum ko a cika shi da metabaisalfait kashi 1, membiren da ya bushe ya tafi ke nan.

Mataki na 8: ina za a kai ruwan zubarwa?

Membiren ba ya kashe datti, raba shi yake yi gefe ɗaya, kuma wannan gefen yana hannunka. Ɗauki misali, ruwa lita 100 mai naitiret miligiram 80 a kowace lita, injin ya ba ka lita 75 mai 12, to sauran lita 25 ɗin sun kwashi wajen 280 a kowace lita. In ka sake shi kusa da rijiyar da kake ɗiba, ko ka gangarar da shi rafi, ka mayar da ciwon inda ya fito da ƙarin ƙarfi, na ƙasa da kai kuma su sha. Ƙananan injinan gida nasu bai kai haka kauri ba tunda sukan zubar da lita 3 ko 4 a kan kowace lita ɗaya mai kyau, wannan a tare shi a tanki a yi wankin ƙasa da korar ban-ɗaki da shi, in gishirinsa ba shi da yawa kuma ba feshi a ciki a ba itatuwa, naitiret ɗin ai taki ne a wurinsu, amma ban da sha, ban da girki, ban da ba dabbobi.

Mai babban inji kuwa sai ya tanadi wurinsa tun kafin ya kunna. Ana iya bi da shi ta tankin da ba iska inda wasu bakteriya suke mayar da naitiret iskar naitirojin ta tashi, ko ta fadamar da aka gina aka shuka ciyayin ruwa su tsotse, in kuma amoniya da fosfet ne suka yi yawa a ƙara magniziyam a ɗan ɗaga pH, sai wasu fararen ƙwayoyi su kwanta a ƙasa, sunansu sitiruvait, a kwashe a shanya, taki ne da yake narkewa a hankali a gona.